Madubin Hangen Taurari Mai Milimita 70 a Samaniyar Damagaram

Madubin hangen nesan da zan yi bayani a kansa irin wanda ƴan kasuwarmu suka fara shigowa da shi ne tare da fitilun sola da kayan makaranta, mai farin bututu da tsawonsa ya ɗan haura kamu ɗaya da rabi, yana zaune a kan ƙafafu uku na ƙarfe marar nauyi. Faɗin gilashinsa na gaba milimita 70 ne, nisan da haske yake yi daga wannan gilashi zuwa inda yake taruwa kuma milimita 700, kuma waɗannan lambobi biyu su ne gaskiyar na'urar, sauran abin da aka rubuta a jikin kwali yawancinsa talla ce. Na saye shi jikka 60 a wajen wani mai shago a Zango da yake saro kaya daga Kano, domin ni malamin kimiyya ne a kwaleji, kuma na gaji da zana wa ɗalibai wata da alli alhali watan yana bisa kansu kowane dare.

A cikin kwalin, ban da bututun da ƙafafun, akwai gilasan ido guda uku da ake sauyawa, masu lamba 20 da 10 da 4, da wani gajeren bututu mai ninka girma sau uku, da ƙaramin madubin saiti da ake ɗaurawa a gefe, da madubi mai kusurwa wanda yake hana mutum karya wuya in abin da ake kallo yana tsakiyar sama, sannan da wani ɗan baƙin gilashi da zan dawo kansa. Takardar bayani da Ingilishi da Sinanci kawai aka rubuta ta, babu Faransanci balle Hausa, amma zanen da ke ciki ya isa mutum ya harhaɗa komai cikin rabin sa'a.

An buga da manyan lambobi a jikin kwalin cewa madubin yana kusanto da abu sau 525, kuma da wannan lamba mai shagon yake jan hankalin masu saye, ko da yake ban zarge shi da ha'inci ba tunda abin da ya gani a rubuce yake maimaitawa. Lissafin ba shi da wuya. Ana raba 700 da lambar da ke jikin gilashin ido, saboda haka mai 20 yana ba da ninki 35, mai 10 yana ba da 70, mai 4 yana ba da 175, idan kuma aka haɗa wannan na ƙarshe da bututun ninki sai a sami 525 ɗin da ake tutiya da shi. Abin da kwalin ya yi shiru a kai shi ne gilashin gaba yana da iyakar abin da zai iya bambancewa, kuma ƙa'idar da masu duban taurari suka daɗe suna bi ita ce ninki mai amfani ba ya wuce faɗin gilashin sau biyu, wato 140 ga wannan madubi, shi ma sai a daren da iska ta kwanta sarai. Duk abin da ya haura haka dishi-dishi ake faɗaɗawa. A garinmu, inda zafin da bango da rufin kwano suka sha da rana yake tashi har tsakar dare yana girgiza hoton, ninki 70 ne iyakar abin da na ga yana da daɗin kallo. Gilashi mai lamba 4 da bututun ninki suna nan a kwali, sai dai in wani ya nace a nuna masa.

Babban raunin madubin ƙafafunsa ne. Suna da sirantaka, notin da ke riƙe bututun ba ya kamawa da kyau, kuma da yaro ya taɓa shi da goshi sai hoton ya yi ta rawa. Maganin da ya yi mini aiki shi ne a bar ƙafafun a gajarce, a zauna a kan tabarma ko kujera ƴar tsugunne, sannan a rataya jarka mai cike da yashi a tsakiyarsu domin nauyin ya danne su. Akwai kuma wani abin da mai saye zai ɗauka lalacewa ce alhali ba ita ba ce: duk abin da aka saita yana zamewa a hankali har ya fice daga gani, a ninki 70 cikin minti biyu zuwa uku, saboda juyawar ƙasa tana kai samaniya digiri 15 a kowace sa'a kuma madubin ba shi da injin bin sawu. In yara goma suka yi layi, sai an sake saiti bayan kowane biyu.

Wata shi ne inda madubin ya biya kuɗinsa. Mutane sukan so su zo daren sha huɗu, amma a lokacin hasken yana faɗowa kai tsaye, babu inuwa, fuskar watan sai ta zama fari fat tana kashe ido. Daren da ya fi shi ne daga shida zuwa tara ga wata, a bi layin da haske da duhu suka haɗu, inda rana take ketowa a can kuma kowane dutse yake jan doguwar inuwa. A nan ake ganin ramuka masu baki zagayayye, wasu da tsauni a tsakiyarsu, wasu ƙanana sun faɗa a kan gefen manya, a jikin abin da yake nesa da mu da kimanin kilomita 384,000. Kusa da tsakiyar fuskar watan akwai wani rami mai faɗin fiye da kilomita 100 da ake kira Albategnius, sunan Al-Battani ne wanda ya yi aikin auna taurari a Raƙƙa ta ƙasar Sham ya rasu a 929, ba nisa da shi kuma akwai Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye a 1651, Giovanni Riccioli, limamin Kirista ne ɗan Italiya. Duka biyun madubin nan yana nuna su sarai a ninki 35.

Daga wajen kallon watan ne maganar da ta sa na ga ya dace a yi wannan rubutu ta taso. Maƙwabcinmu dattijo ne mai makarantar allo a zaurensa, kuma da ya ga jikokinsa sun fara zamewa zuwa ƙofar gidana bayan magariba, sai ya aiko a kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, “Ɗana, ban hana ilimi ba. Amma na ji an ce Turawan da suka ƙera wannan abu, da iliminsu ya yi yawa sai suka bar wuraren ibadarsu wayam. Ina gudun kada a fara da kallon wata a ƙare da tambayar ko akwai Mai watan.” Na ce, “Allah gafarta Malam, maganar tana da tushe, amma a ba ni dama in kawo abin da aka auna a kai.” Tsoron nasa ba na jahilci ba ne. Tun da Faransawa suka ci garin nan a 1899 suka kawo lakwal wadda ba ta da gurbin addini a cikinta, dattawanmu suka haɗa ilimin zamani da barin salla a zuciyarsu, kuma sun ga misalan da suka ƙarfafa musu zaton.

Abin da aka auna shi ne wannan. A 1914 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Leuba, ya aika wa masana kimiyya 1,000 tambaya ko sun yi imani da Ubangijin da ake roƙo ya amsa. Kimanin kashi 42 cikin ɗari suka ce sun yi, kusan adadin haka suka ce ba su yi ba, sauran suna kokwanto. A 1996 Edward Larson da Larry Witham suka maimaita tambayar da lafazinta, sai suka sami kashi 39 masu imani da kashi 45 marasa shi. A tsakanin waɗannan shekaru 82 aka gano maganin penisilin, aka fasa ƙwayar zarra, aka gano tsarin sinadarin gado, aka taka wata a 1969, aka ƙera kwamfuta. Da a ce imani yana raguwa daidai gwargwadon ƙaruwar ilimin kimiyya, da a 1996 ba a sami kowa ba, amma abin da ya motsa bai fi maki uku ba.

Sai dai adalci ya hana in tsaya a nan, kuma ban ɓoye wa Malam sauran ba. Larson da Witham sun sake yin tambayar ga mambobin babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka, wadda ba a shiga sai an zaɓi mutum saboda ficensa, sakamakon da suka fitar a 1998 kuma ya nuna kashi 7 kacal ne masu imani, kashi 72 suka ce babu. A 2009 cibiyar bincike ta Pew ta sami kashi 33 na masanan Amurka sun yi imani da Allah, kashi 18 da wani iko na sama da ba su ambata ba, kashi 41 ba su yarda da ko ɗaya ba, alhali a cikin jama'ar ƙasar masu imani da ɗaya daga cikin biyun sun kai kashi 95. Wannan tazara ce ta gaske, duk wanda ya musanta ta don kare addini ƙarya yake karewa da ita.

Tambayar da ta rage ita ce ko ilimin ne ya haifar da tazarar, kuma a nan ne maganar mai sauƙi take wargajewa. Elaine Ecklund ta jami'ar Rice, wadda ta shafe shekaru tana binciken wannan batu, ta gano cewa gidan da masani ya tashi yana da babban tasiri, wato da yawa daga marasa addinin sun shigo kimiyya ne da rashin addininsu tun daga gida. Da ita da abokan aikinta suka faɗaɗa binciken zuwa yankuna takwas, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna fiye da rabin masanan Indiya da Italiya da Taiwan da Turkiyya suna ɗaukar kansu masu addini, a Hong Kong da Taiwan ma masanan sun fi sauran jama'a addini, yayin da a Faransa da Ingila abin ya yi ƙasa ƙwarai. Ilimin lissafi da na halittu da ake koyarwa a Istanbul shi ne dai ake koyarwa a Faris, don haka bambancin daga tarihin kowace ƙasa yake fitowa. Rasha ma abin lura ce: gwamnatin Sobiyet ta yi kusan shekara 70 tana koyar da kimiyya haɗe da musun Allah, ita ta fara tura mutum sararin samaniya a 1961, amma bayan rushewarta masu kiran kansu Kiristocin Otodoks suka tashi daga kashi 31 a 1991 zuwa kashi 72 a 2008, ba tare da ilimin kimiyyar ƙasar ya gushe ba. A ganina abin da ya faru a Turai ya fi alaƙa da daɗaɗɗiyar rigimarsu da ikon coci, da wadata, da sauyin zaman iyali, fiye da abin da aka gani ta cikin gilashi.

Malam ya saurara bai ce ya gamsu ba. Abin da ya nema shi ne a nuna masa Surayya, wadda mu muke kira Kaza da Ƴaƴanta, domin shi mutum ne da ya haddace masaukan wata 28 da malamanmu suke lissafin damina da su, kowanne kwana 13, yana iya gaya wa manomi ko an shiga Nasara ko Ɗarfa ba tare da ya duba takarda ba. Da ido ana ƙirga taurari shida ko bakwai a Kazar. A ninki 35 ba ta ma shiga gaba ɗaya a gani guda, kuma taurarin da suka bayyana sun haura talatin. Ya daɗe idonsa a kan gilashin, hannunsa ɗaya riƙe da rawaninsa don kada ya taɓa bututun, sannan ya ɗago ya ce, “Ashe ƴaƴan nata suna da yawa haka.” Sharaɗin da ya gindaya shi ne jikokin su zo bayan isha'i, in sun gama karatun dare, kuma a kan haka muke har yanzu.

Mushtari yana fitowa ɗan faifai mai haske, da layuka biyu masu duhu a jikinsa in iska ta natsu, da ɗigo huɗu a jere a gefensa waɗanda suke sauya wuri daga dare zuwa dare. Waɗannan su ne watanninsa huɗu da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a Janairun 1610 da madubin da ninkinsa bai wuce 20 ba, ƙasa da shekara biyu bayan an fara ƙera irin na'urar a Holan, wato wannan na jikka 60 ya fi nasa nesa ba kusa ba. Zara, wadda muke cewa matar wata, tana bayyana wani lokaci rabi wani lokaci jinjiri, kuma wannan sauyin siffa hujja ce da ido yake gani cewa rana take zagayawa. Zuhal kuwa kamar ƙwayar gero ce da aka sa wa zobe, ƙanƙane ƙwarai amma babu mai ganinsa bai yi salati ba, ko da yake a 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya kusa ɓacewa, abin da yake faruwa kusan duk shekara 15. A gefen abubuwa masu haske sosai akan ga wani ɗan launin shuɗi-shuɗi, aibin gilashi mai araha ne kuma ba ya hana kallo. Wanda ya saba da hotuna masu launi na intanet zai ji an cuce shi in ya nufi tarin taurarin Andromeda, domin farin tabo kawai zai gani, daidai da yadda Abdurrahman As-Sufi ya siffanta shi a 964 da ɗan gajimare, sai dai hasken wannan tabo ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso.

Labarin Galileo shi ne ake yawan kafa hujja da shi cewa kimiyya da addini ba sa ga maciji, kuma gaskiya ne kotun cocin Katolika ta hukunta shi a 1633 ta tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Amma shi kansa bai bar addininsa ba, rigimarsa da hukuma ce da ta ɗaure fassarar nassi da wani tsohon ra'ayi game da samaniya. A tarihinmu kuwa akwai masana taurari da ma'aikatan masallaci ne. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, shi ne mai fitar da lokutan salla a babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa, kuma lissafinsa na tafiyar wata ya yi daidai da wanda Kopanikus, masanin taurari na Turai, ya zo da shi bayan fiye da shekara ɗari. Muhammadu Al-Katsinawi, Bafillacen Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, wato jeren lambobi a cikin murabba'i. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, a kan makamashin hasken rana ya ƙarar da rayuwarsa. Ɗan Damagaram da ya kama wannan hanya ba baƙo ba ne a cikinta.

Duk da haka ba zan ce madubin ba ya taɓa komai a zuciyar yaro ba, domin na ga ya taɓa. Kafin husufin wata na ranar 7 ga Satumbar 2025 na gaya wa yaran unguwa ranar da sa'ar tun da sauran makonni, kuma da abin ya zo yadda aka faɗa, wata ɗalibata mai kaifin hankali ta tsaya bayan an watse ta ce, “Malam, in dai lissafi ya san lokacinsa tun kafin ya zo, me ya sa ake yin salla don tsoro?” Wannan tambaya ta fi duk alƙaluman da na kawo a sama nauyi. Na ce mata mun san lokacin azahar ta ranar da za ta zo shekara goma nan gaba da minti da daƙiƙa, kuma sanin bai sauke wa kowa sallar ba. Na tuna mata kuma cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne, sai Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Mutanen Babila ma sun san kusufi yana maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 11 tun kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ilimin ya kashe a unguwarmu shi ne bayanin da muka taso da shi, cewa rana ce ta kama wata, a fito da gwangwani da ganga ana kaɗawa ana roƙon ta sake shi. Waɗanda suka ga kusufin ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da inuwar wata ta ratsa arewacin Najeriya ta shigo jihar nan ta wuce Libiya, suna tuna yadda wasu suka ɗauka tashin duniya ne. Irin wannan fahimta tabbas tana raguwa da ƙaruwar ilimi, kuma ban ga abin kuka a ciki ba. Haɗarin yana ga yaron da aka gina wa imaninsa a kan cewa babu wanda ya san yadda abu kaza yake faruwa, domin ranar da aka bayyana masa yadda yake faruwa sai ya ji an zare masa wani abu, kuma laifin na wanda ya gina masa ne. Haka nan ba na goyon bayan masu wa'azin da suke ɗauko kowane sabon binciken Turawa su liƙa wa aya, saboda bincike yana sauyawa, in ya sauya kuma yaron da aka ce masa ayar ke nan zai rikice. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, bai ji daɗi ba da Fafaroma ya ɗauki ra'ayin nasa a 1951 a matsayin hujjar halitta, kuma ina ganin ya fi masu yabonsa hangen nesa.

Wasu maƙwabta sun zo suna tambaya ko madubin yana duba, wato ko zan iya gaya musu tauraron aure ko na kasuwa. Ba ya yi, kuma addini da kimiyya sun haɗu a kan ƙaryata wannan sana'a.

Masu niyyar saye don neman jinjirin watan azumi ko na salla su yi tunani tukuna. Watan sama yana cika zagayensa cikin kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici, kuma jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, yana ƙasa-ƙasa kusa da inda rana ta faɗi, cikin jan haske da ƙura. Abin da madubin yake ɗauka na samaniya a ninki 35 bai kai digiri ɗaya da rabi ba, don haka in mutum bai san ainihin inda zai nufa ba sai watan ya faɗi yana lalube, ƙaramin madubin saitin kuma na roba ne, yana gocewa da ɗan taɓi. Madubi mai ido biyu irin na sojoji, mai lamba 7 da 50 ko 10 da 50, ya fi shi dacewa da wannan aiki kuma ya fi sauƙin ɗauka zuwa kan duwatsun bayan gari. Ko an gani ma, sanarwa ta hukumar da aka ɗora wa alhakin ce, mai madubi shaida kawai zai kai.

Ƙura ita ce abokiyar gabar na'urar a ƙasarmu. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ɗaukewar damina zuwa kafin hazo ya sauka, wato Oktoba da farkon Nuwamba, da kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama. In hunturu ya kankama wata da Mushtari kaɗai suke ratsa hazon. Daren da aka ɗauke wuta a gari samaniya takan buɗe har a cikin Birni, amma wanda yake da abin hawa ya fita hanyar Mirya ya yi nesa da fitilu zai ga bambanci mai yawa. Kada a goge gilashin da gefen riga, domin ƙurarmu yashi ce mai kaifi kuma tana karce shi karcewar da ba ta gyaruwa. A hure ta da ƴar robar hura iska, a rufe bakin da murfinsa, a mayar da komai kwali a naɗe da zane. Babu mai gyaran irin wannan kaya a garin, kuma mai shagon ba ya kawo gilasan ido dabam, saboda haka wanda ya fashe ya tafi ke nan.

Ga makaranta, ko ga gidan da akwai babban da zai tsaya tare da yara ya amsa tambayoyinsu, kuɗin bai tafi a banza ba, muddin an san ninki 35 da 70 aka saya. Ga wanda zai miƙa wa yaro ya juya baya kuwa ban ba da shawara ba, kuma dalilin shi ne baƙin gilashin nan da na ambata. An yi shi ne wai don kallon rana, ana murɗa shi a bayan gilashin ido, daidai wurin da gilashin gaba yake tara dukkan zafin da ya kwaso. Irinsa yana tsagewa farat ɗaya ba tare da wata alama ba, kuma hasken da zai wuce ya isa ya ƙona ƙwayar ido cikin ƙasa da daƙiƙa, makantar da ba ta da magani. A cire shi daga kwalin tun a shago, a fasa shi, kuma a gaya wa yara da kakkausar murya cewa ba a nufar rana da wannan bututu ko da ƙaramin madubin saitinsa, ko da safe ne ko da yamma, ko ana kusufi ko ba a yi.